PledgeMusic

PledgeMusic kamfani ne na intanet da ya yi aiki daga shekarar 2009 zuwa 2019, hedikwatarsa tana birnin Landan na ƙasar Ingila. Mawaƙa sun yi amfani da shafinsa wajen sayar wa masoyansu fayafayai, riguna da sauran kayan tunawa kai tsaye. Ya durƙushe a 2019, mawaƙa da dama suna bin sa bashi.

Tarihi

Benji Rogers, wanda shi ma mawaƙi ne, yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin. Mawaƙi yakan sanar da sabon kundin da yake shirin fitarwa, masoya su biya kuɗi tun kafin a kammala aikin. Wani ya sayi faifai, wani riga, wani kuma kwafin da mawaƙin ya sa wa hannu. Kamfanin yana ɗaukar kashi 15 cikin 100 na kuɗin da aka tara, sauran kuma na mawaƙin ne, don ya biya ɗakin naɗar waƙa, a buga fayafayai, a aika wa masu saye.

Ƙungiyar Ben Folds Five ta Amurka ta tara kuɗin kundinta na 2012 ta wannan hanya. A 2016 kamfanin ya sayi shafukan NoiseTrade da Set.fm.

Durƙushewa

A 2018 mawaƙa suka fara kokawa cewa kuɗinsu ba ya zuwa a kan lokaci. A watan Janairun 2019 koken ya ƙaru, ƙungiyoyi irin su Fastball da ohGr suka fito fili suka ce suna bin kamfanin dubban daloli. Rahotanni sun nuna cewa ba a ware kuɗin masoya a asusu na daban ba, sun cakuɗa da na gudanar da kamfanin.

Rogers, wanda ya riga ya bar shugabancin kamfanin, ya dawo a matsayin mai ba da shawara. A watan Fabrairu aka dakatar da karɓar kuɗi a shafin. An nemi mai sayen kamfanin, ba a dace ba. Ranar 31 ga Yulin 2019 babbar kotu a Landan ta ba da umarnin rufe shi.

Abin da ya biyo baya

Jami'in gwamnati da aka ɗora wa alhakin karkasa kadarorin kamfanin ya bayyana cewa bashin ya kai kusan fam miliyan 7.4, kuma da wuya mawaƙan su samu wani abu. Masoya da yawa sun biya kuɗi ba su ga kaya ba. Wasu sun karɓo kuɗinsu ta hannun bankunansu, wasu mawaƙan kuma sun buga fayafayan da kuɗin aljihunsu don cika alkawari. Ƙungiyar UK Music, mai wakiltar masana'antar waƙa a Birtaniya, ta nemi gwamnati ta sa a binciki lamarin.