Ƙari ko ciwon daji: yadda likitoci suka koyi rarrabewa

A asibitocin Kakuri, irin su Gwamna Awan da St. Gerard, cire ƙarin mahaifa aiki ne da aka saba. Bayan tiyata sai a sa naman a ruwan fomalin, a ce a kai shi gwaji, ko a asibitin Barau Dikko da ke ƙetaren kogi ko a na Shika. Dangi kan tambaya: an riga an cire abu, gwajin me kuma? Dalilin shi ne, ƙarin da ba ya yaɗuwa da ciwon dajin tsokar mahaifa duk ƙwayoyin halitta iri ɗaya suka gina su, dogaye masu tsini a kai da gindi kamar mazari. Ido kaɗai ba ya iya raba su.

Ilimin rarrabe su daga Jamus ya faro. A 1838 Johannes Müller ya nuna cewa ƙari tarin ƙwayoyin halitta ne, ɗalibinsa Rudolf Virchow kuma ya kafa a 1858 cewa a cikin ƙwayar ake neman tushen cuta. A 1890 David von Hansemann ya lura cewa ƙwayoyin daji suna rabuwa a karkace, suna kuma rasa kamannin naman da suka fito. Daga nan likitoci suka riƙe alamomi: cibiyar ƙwaya mai girma da duhu, ƙwayoyi sun cunkushe kowace da siffarta, ga yawan rabuwa.

Sai dai alamomin sun sha yaudarar masana. A 1955 wani likita mai suna Konwaler da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana wani kumburi na ƙarƙashin fata mai saurin girma, ƙwayoyinsa na ta rabuwa, amma ba daji ba ne, har yakan baje da kansa. Kafin a gane shi, an yi wa mutane manyan tiyata a kansa ba gaira ba dalili. A ganina nan ne fannin ya balaga, domin an daina yanke hukunci da alama guda.

Game da mahaifa, likitocin jami'ar Stanford, Bell da Kempson da Hendrickson, su ne suka daidaita ma'aunin a 1994. Ana duba munin siffar ƙwayoyi, da mutuwar nama a cikin ƙarin, sannan a ƙirga ƙwayoyi masu rabuwa, goma ko fiye a filaye goma na madubin likita. Idan biyu daga cikin waɗannan alamomi suka haɗu, akasari daji ne.

Mafi yawan ƙarin mahaifa ba ya da haɗarin yaɗuwa, kuma wannan abin godiya ne. Amma ga ƴan tsirarun matan da nasu ya kasance daji, sakamakon wannan gwaji ne kan nuna ko suna bukatar ƙarin tiyata da bibiya, shi ya sa nake baƙin ciki idan tsadar kuɗin gwaji ta sa aka binne naman a bayan gida.