Fasahar koyarwa a makarantun Kebbi: Kayan aikin da ke hannun malami da iyakarsu

Fasahar koyarwa ita ce amfani da na'urori da manhajoji wajen shirya darasi, gabatar da shi ga ɗalibai, auna fahimtarsu da kuma adana sakamakonsu. Ta ƙunshi rediyo da majigi da kwamfuta da intanet. A Birnin Kebbi da Argungu da garuruwan da ke bin Gulbin Rima, na'urar da ta fi yawa a hannun malamai ita ce wayar salula, wadda malamin ya saya da kuɗinsa kuma yake zuba mata data daga albashinsa. Saboda haka duk wani tsarin koyarwa na zamani da aka kawo yankin, ƙarfin wannan wayar da aljihun mai ita ne ke yanke hukuncin ko zai yi aiki.

Kalmar manhaja tana da ma'ana biyu a Hausar yau. Akwai manhajar karatu, wato jerin darussan da hukuma ta tsara wa kowane aji, akwai kuma manhajar waya ko kwamfuta. A nan an bambanta su duk inda ake tsoron ruɗani.

Asalin lamarin

Koyarwa ta hanyar na'ura ta daɗe a Arewa. A zamanin mulkin mallaka motocin majigi sun riƙa zagaya garuruwa suna nuna fina-finan tsafta da noma a ƙofar fada, daga baya rediyo ya karɓi aikin. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, da aka kafa a Kaduna a 1976, ta horar da ɗimbin malamai daga nesa ta hanyar littattafan karatu da kai da kuma haɗuwa a cibiyoyi a ƙarshen mako. Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989, ita ma ta dogara da rediyo wajen isa rugage.

Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufar amfani da fasahar sadarwa a harkar ilimi a 2010, ta sake duba ta a 2019. Amma abin da ya tilasta wa malamai da yawa gwada koyarwa ta waya shi ne rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona. Jihohi da dama sun koma darasin rediyo da talabijin, makarantu masu zaman kansu kuma suka koma tura aikin gida ta WhatsApp. A nan ne aka ga tazarar da ke tsakanin yaron da iyayensa ke da babbar waya da wanda gidansu rediyo kaɗai ake da shi.

Inda ake horar da malamai

An ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato a ranar 27 ga Agusta, 1991. Babbar cibiyar samar da malamanta ita ce Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, wadda aka kafa a 1993, kuma take bayar da takardar NCE, mafi ƙarancin shaidar da doka ta yarda a shiga aji da ita a Najeriya. A Birnin Kebbi akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Waziri Umaru da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013, sai jami'ar jiha da ke Aliero wadda ta samu a 2006.

Jihar tana cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2020 domin ilimin 'yan mata a matakin sakandare, tare da Borno da Ekiti da Kaduna da Kano da Katsina da Filato. Koyar da amfani da kwamfuta na cikin ɓangarorin shirin. Gwamnan jihar tun 29 ga Mayu, 2023, Nasir Idris, Ƙauran Gwandu, tsohon shugaban Ƙungiyar Malamai ta Najeriya ne, NUT, abin da ya sa malamai ke auna gwamnatinsa da mudun da ya fi na saura tsauri.

Kayan aikin da ake da su

Mafi sauƙi kuma mafi yaɗuwa shi ne WhatsApp. Shugaban makaranta na sanar da malamai taro ta nan, malamin lissafi na ɗaukar hoton allo ya tura wa wanda bai zo ba, malaman darasi ɗaya daga makarantu daban-daban kuma na musayar tambayoyin jarrabawa. Saƙon murya yana da wata fa'ida ta musamman a yankin: uwar da ba ta karanta boko ba tana iya sauraron bayanin malami da Hausa, kuma minti guda na murya bai kai megabait ɗaya ba, alhali awa guda ta bidiyo na iya cinye ɗaruruwan megabait. Rauninsa shi ne ba a gina shi don makaranta ba. Darasin da aka tura yau, gobe ya nutse a ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da sanarwar ɗaurin aure.

Manhajojin da aka gina don aji, irin su Moodle da ya fito a 2002 da Google Classroom da ya fito a 2014, suna magance wannan. Suna jera darussa bisa mako, suna karɓar aikin ɗalibi, suna riƙe makinsa. Sai dai suna bukatar kowane ɗalibi ya mallaki na'ura da data, don haka sun fi dacewa da kwaleji da jami'a fiye da firamaren da yara sittin ko fiye ke zaune a aji guda.

Dandalin da aka yi domin makarantun Najeriya shi ne Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a watan Maris na 2022 tare da UNICEF da kamfanin Microsoft. Darussansa na bin manhajar karatu ta ƙasa, shiga kyauta ne, kuma akwai darussa da Hausa da Ibo da Yarabanci ban da Ingilishi. Ga malami, amfaninsa bai tsaya ga nuna wa yara ba. Wanda aka ɗora wa darasin da bai karanta a kwaleji ba, lamarin da ya zama ruwan dare a makarantun karkara, zai iya yin bitar darasin da daddare kafin ya tsaya gaban allo da safe. Haka nan shirin TESSA, wanda Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya ta jagoranta tun 2005 kuma NTI ta kasance cikin abokan aikinsa, ya tanadi dabarun koyarwa da kowa ke da izinin saukewa, ya buga a takarda, ya gyara yadda zai dace da ajinsa.

Rukunin da ya fi cancantar kulawa a Kebbi shi ne na kayan da ke aiki ba tare da intanet ba. Kiwix na bai wa mutum damar sauke Wikipedia sau ɗaya ya riƙa karantawa ko babu sabis. Kolibri na mayar da kwamfuta guda rumbun darussa, wayoyi da kwamfutocin da ke kusa su riƙa ɗiba daga gare ta a cikin makaranta. Wannan tsari ba baƙo ba ne ga mutanen yankin, domin haka waƙoƙi da wa'azi da fina-finan Hausa ke yawo tun da daɗewa: a je wurin mai turi a kasuwa a cika memori, sannan a raba ta Bluetooth ko Xender. Malamin da ke Augie ko Kangiwa zai iya sauke darussan zango guda ranar da ya shigo Argungu karɓar albashi, ya raba wa abokan aikinsa ba tare da kowa ya ƙara sayen data ba.

Sabon shigowa shi ne ƙirƙirarriyar basira, tun bayan fitowar ChatGPT a watan Nuwamba na 2022. Tana rubuta shirin darasi cikin daƙiƙu, tana kuma tsara tambayoyi. Amma tana faɗin kuskure da irin natsuwar da take faɗin gaskiya, musamman a tarihin gida da Hausa. Malamin da zai koyar da tarihin Muhammadu Kanta da Surame ya fi samun tabbaci a Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu.

Jarrabawa ta riga aji komawa kwamfuta

Dalilin da ya sa batun ya wuce na sha'awa shi ne jarrabawa. Hukumar JAMB ta fara jarrabawar kwamfuta a 2013, ta koma kanta gaba ɗaya a 2015. Hukumar WAEC ta fara gwada tsarin ga masu zana jarrabawa masu zaman kansu a farkon 2024. Shi kansa malami, tun 2017 Hukumar Rajistar Malamai, TRCN, ke gudanar da jarrabawar tantance ƙwarewarsa a kan kwamfuta. Ɗalibar da ta haddace darasinta a ƙauyen Gwandu ko Bunza, amma ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, za ta ɓata mintunan farko tana neman inda za ta danna, kuma agogo ba ya jiran ta. Manhajojin gwajin tambayoyin baya da ke aiki a waya suna rage wannan firgici, ko da yake taɓa gilashin waya daban yake da sarrafa madannan kwamfuta.

Wuta da data da harshe

Babban layin lantarki daga madatsar Kainji ta Birnin Kebbi yake bi ya nufi Yamai, amma hakan bai sa ajujuwan jihar samun tsayayyar wuta ba. Ɗakin kwamfutar da babu sola ko kuɗin man janareta, ƙarshensa rufewa ne, ƙurar hunturu ta gama da na'urorin. Data kuma ta ƙara tsada bayan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a watan Janairu na 2025. Ga kuma katsewar karatu saboda ambaliyar fadama, irin ta 2020, ko saboda tsaro, kamar yadda aka gani bayan sace ɗaliban Kwalejin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni na 2021. A irin waɗannan lokuta ne ake fi bukatar darasi daga nesa, a lokacin ne kuma ya fi wuyar isa.

Gibi mafi girma shi ne na abin koyarwar kansa. Yawancin darussan da ke intanet da Ingilishi suke, misalansu kuma na wasu ƙasashe ne. Yaron Argungu da ya san homa da gora da Matan Fada, ya san bikin kamun kifin da aka fara a 1934 wanda UNESCO ta sanya cikin al'adun duniya a 2016, zai fi saurin gane awo da nauyi idan an yi masa lissafin da kifi da buhun shinkafa. Babu kamfanin waje da zai rubuta wannan darasi, sai malamin garin. Kayan aikinsa kuwa suna cikin wayar: kyamara, na'urar naɗar murya, da madannan Hausa na Gboard masu ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda rashinsu ke mayar da ƙafa kafa a takardar jarrabawa. Masu jin Fulatanci da Zabarmanci da C'lela a jihar, abin da ke akwai da harsunansu bai ma kai na Hausa ba.

Sirrin yara

Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda aka sanya wa hannu a watan Yuni na 2023, ta wajabta neman izinin iyaye ko waliyyi kafin a sarrafa bayanan yaro bisa amincewa. Wannan ya shafi hoton ɗalibi da sunansa da sakamakonsa. Tura takardar makin aji baki ɗaya a zauren WhatsApp na iyaye, ko ɗora bidiyon yaron da ya kasa karatu a Facebook don a yi dariya, abu ne da makaranta za ta iya amsa tambaya a kansa. A makarantun 'yan mata lamarin ya fi nauyi, domin hoto guda da ya fita ba da izini ba ya isa uba ya cire 'yarsa daga makaranta, kuma dawo da ita ya fi wuya fiye da shigar da ita tun farko.