Furen da Ke Biyan Kuɗin Wurinsa: Yakuwa a Cikin Ganuwar Kano

Sa'ad da matafiyi Hugh Clapperton ya shiga Kano a watan Janairu na 1824, ya ƙiyasta cewa gidaje ba su cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ganuwa ta kewaye ba. Sauran duk gonaki ne da lambuna. Heinrich Barth ma, da ya zo a 1851, ya tarar da sarari mai faɗi ana nomansa a cikin badala. Ba sakaci ya bar wannan fili ba. Tun daga Sarki Gijimasu, wanda aka fara ginin ganuwa a zamaninsa, har zuwa Muhammadu Rumfa (1463–1499) da ya faɗaɗa ta, an san cewa birnin da maƙiya suka yi wa ƙawanya sai ya ci daga cikinsa.

A irin wannan fili, kowace shuka sai ta biya kuɗin wurin da ta tsaya. Shi ya sa furannin da idon Bakano ya saba da su a bakin gona da bayan gida furannin amfani ne: yakuwa da rama da kuɓewa. Dangi ɗaya ne, kuma furensu ya nuna haka, domin kowanne yana da launi mai haske da duhun ja a tsakiya, ya buɗe da safe, kafin yamma ya yanƙwane. Dukansu ana shuka su da faɗuwar damina, su gama rayuwarsu cikin shekara guda, su bar iri. Dukansu kuma rana suke so. A inuwa sai su yi tsawo a banza, furen ya ƙaranta.

Hikimar zaɓin tana cikin kalandar Kano. Ruwan kirki bai wuce wata huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba, sannan hunturu ya zo, bazara ta biyo da zafinta. Tsiron da ke neman ban ruwa duk shekara nauyi ne ga gidan da ke jan guga. Ita kuwa yakuwa ba ta fure sai yini ya fara gajarta, wato dab da ɗaukewar ruwa. Don haka takan yi damina tana ba da ganyen miya da na fate, da kaka kuma ta ba da soborodo, wanda shi ne kofin nan mai kauri da ke rungume da ƙwayar iri bayan furen ya faɗi. Ko 'ya'yanta, gurguzu, ba a zubarwa: da su ake daddawar batso. Rama ta ba da kwaɗo da igiya, kuɓewa ta ba da miya, ɗanya da busasshiya.

Bayan Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, sun kafa mazauninsu a Nasarawa, wajen ganuwa, da wata fahimta dabam: fure don kallo kawai. Cikin furannin ado masu jure rana da suka bazu a lambunan duniya akwai ziniya da marigol, waɗanda asalinsu ƙasar Meksiko ne. Abin sha'awa, yau Meksiko tana cikin manyan masu sayen busasshen soborodon da ake tarawa a kasuwannin Kano daga Jigawa da maƙwabtanta, domin can ma ana shansa kamar yadda ake shan zobo a nan, bisaf a Senegal, karkade a Masar da Sudan.

A cikin birni kuwa gonakin da Clapperton ya gani sun zama unguwanni, ganuwar ma ta zaizaye a wurare da dama. Abin da ya rage shi ne ɗan sararin tsakar gida, da tukunya, da gindin katanga. Amma ma'aunin magabata bai tsufa ba ga mai neman abin shukawa a inda rana ke duka: a duba ko tsiron zai kammala da ruwan damina, ko zai bar irin baɗi, ko kuma akwai abin da zai kai wa tukunyar miya. Yakuwa ta cika sharuɗɗan nan uku tun kafin a san ziniya a Kano.