Karatun Gaba da Digiri a Fannin Ilimin Yara Masu Buƙata ta Musamman: Bayani ga Malaman Samaru da Sabon Gari

Ilimin yara masu buƙata ta musamman shi ne fannin da ke horar da malami ya koyar da makafi da kurame da masu naƙasar gaɓoɓi, da yaran da fahimta ke yi wa nauyi, har ma da masu hazaƙar da ta wuce ta tsaransu. Mun tanadi wannan bayani ne domin malaman da suka daɗe suna koyarwa a Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, da kuma jami'an da takardun neman ƙaro ilimi ke bi ta hannunsu.

Asalin fannin a Nijeriya

Makafi a biranen ƙasar Hausa sun daɗe da unguwanninsu da sarakunansu, kuma da yawansu sun haddace Alƙur'ani da ka. A ɓangaren boko, mishan ne suka fara, da makarantar makafi ta Gindiri a 1953. A 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ware wa fannin sashe na kansa, a shekarar kuma aka kafa Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Oyo domin horar da malamansa. Tun bayan taron Salamanka na ƙasar Sifen a 1994, akalar duniya ta karkata ga a bar yaro mai naƙasa a makarantar da ke kusa da gidansu, ya zauna aji ɗaya da sauran yara. Dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tabbatar musu da haƙƙin samun ilimi.

Dalilin da ya sa ake neman tsohon hannu

Jihar Kaduna tana da makarantar ilimi na musamman a cikin garin Kaduna, amma ba kowane manomi na Bomo ko Basawa ne zai iya rabuwa da ɗansa ɗan shekara 6 ya tura shi can ba. Yaron da sanƙarau ko ƙyanda ta taɓa masa ji, ko dai ya zauna a gida, ko kuwa ya shiga firamaren unguwarsu ya zauna a bayan aji ana ce masa daƙiƙi. Malamin da ya shekara 10 a gaban allo ya ga irin waɗannan yara, ya san iyayensu, ya san mai unguwa. Abin da ya rage masa shi ne sanin yadda ake gane matsalar da wuri, da yadda ake tsara wa yaro darasi daidai da halinsa, da kuma inda ake tura shi a duba shi: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da Cibiyar Kunne ta Ƙasa, duka biyun a Kaduna.

Inda ake karatun

Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, tana da Tsangayar Ilimi a mazauninta na Samaru, inda ake yin digiri na biyu da na uku a fannin nazarin halayyar ɗalibai da ba da shawara. Wannan hanya ta dace da malamin da hankalinsa ya fi karkata ga yara masu jinkirin fahimta, kuma zai iya yin ta yana kwana a gidansa. Wanda yake so ya ƙware a kan makafi ko kurame kuwa, sai ya duba jami'o'in da suka yi suna da sashen wannan fanni: Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Jos, da Jami'ar Ibadan. Ta Kano ce mafi kusa da mutumin Zariya. Sharuɗɗa da kuɗin makaranta suna sauyawa, saboda haka a dogara da sanarwar da jami'a ta fitar a shekarar da ake nema.

Takardar NCE ita kaɗai ba ta kai mutum ga digiri na biyu; sai ya fara yin digiri na farko. Mai digirin da ba na koyarwa ba yakan fara da babbar difloma ta ilimi, wadda ake samu a Samaru da kuma Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna. Ana kuma neman takardar bautar ƙasa ko ta yafewa, da cikakken sakamako daga jami'ar da mutum ya gama. Wannan na ƙarshe ya kamata a nema da wuri, domin yakan ɗauki lokaci kafin ya iso.

Abin da ake koya

Karatun yakan ci shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani lokaci ya zarce: darussa tukuna, sannan kundin bincike. Mai bin ɓangaren makafi zai koyi rubutun Braille, wanda aka gina bisa ɗigo 6 da ake shafawa da yatsa, da dabarun koya wa yaro tafiya da sanda. Mai bin ɓangaren kurame zai gamu da wani al'amari da ya kamata ya sani tun kafin ya tafi. Yaren hannun da ake amfani da shi a makarantun kuramen Nijeriya ya samo asali ne daga na Amurka, ta hanyar Andrew Foster, wani kurma Ba'amurke da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Kuramen ƙasar Hausa kuwa suna da tasu maganar hannu tun tale-tale, wadda Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano ta wallafa littafi a kai a 2000. Malamin da ya dawo da ta makaranta kawai, zai iske yaron ƙauye da mahaifiyarsa suna magana da wata daban. A ganinmu, zama da kuramen Sabon Gari a wuraren sana'arsu wani ɓangare ne na karatun, ko da jami'a ba ta ba da maki a kansa ba.

Haka batun kundin bincike. Gara malami ya ɗauki matsalar da ke cikin ajinsa, ya ƙidaya yaran gundumarsa da ba sa zuwa makaranta saboda naƙasa, da ya ɗauko taken da aka riga aka maimaita.

Ga jami'an ƙaramar hukuma

Malamin firamare yana neman hutun ƙaro ilimi ne a rubuce, ta hannun shugaban makarantarsa zuwa ga Sakataren Ilimi, daga nan zuwa hukumar SUBEB. Kada ya bar aji kafin amincewa ta fito a rubuce, domin hakan na iya jawo masa tsayar da albashi. Wanda aka ba hutu da albashi yakan sa hannu a kan yarjejeniyar dawowa ya yi aiki na wani wa'adi.

Muna jan hankalin jami'ai kan wurin da za a ajiye shi bayan ya dawo. Idan aka mayar da shi ofis yana tattara takardu, an yi asarar kuɗin da aka kashe. Ya fi amfani a ba shi makaranta guda a matsayin mazauni, a ware masa kwana ɗaya ko biyu a mako yana zagaya makarantun da ke maƙwabtaka da ita, yana duba yara yana kuma nuna wa 'yan'uwansa malamai abin da ya koyo. Masu unguwanni da dagatai su ne za su taimaka masa da sunayen gidajen da ke da irin waɗannan yara, tun kafin a fara rajistar 'yan aji ɗaya.