TAURARON ƊAN'ADAM NA GWANGWANI: HORON MALAMAI DA AMFANINSA GA MAKARANTUNMU

Gabatarwa

Tauraron ɗan'adam na gwangwani, wanda aka fi sani a duniya da suna CanSat, ƙaramin samfuri ne na tauraron ɗan'adam da ake haɗawa domin koyarwa. An ba shi wannan suna ne saboda dukkan kayansa suna shiga cikin gwangwani irin na lemon sha. A ƙasashe da dama akan tara malaman makaranta na wasu kwanaki ko makonni, a koya musu haɗa shi da hannunsu, su kuma su koma su koyar da ɗalibansu. Mun tanadi wannan bayani ne domin iyayen yara, shugabannin makarantu, sakatarorin ilimi, kansiloli da masu riƙe da sarautun gargajiya su san asalin wannan horo, da yadda ake gudanar da shi, da kuma abin da ya kamata a duba kafin a kashe kuɗin jama'a a kansa.

Tun daga farko ya kamata mai karatu ya sani cewa wannan na'ura ba ta kaiwa sararin samaniya, ba ta kuma kewaya duniya. Akan ɗaga ta sama ne da ƙaramar roka, ko balan-balan, ko jirgi maras matuƙi, sa'an nan a sako ta ta sauko da laima. A cikin ɗan lokacin da take saukowa, tana yin irin aikin da tauraro na gaskiya yake yi, wato ta auna abin da ke kewaye da ita, ta aiko da sakamakon ta rediyo zuwa ƙasa.

Taƙaitaccen Tarihi

Farfesa Bob Twiggs na Jami'ar Stanford da ke Amurka shi ne ya gabatar da wannan shawara a shekarar 1998, a wani taron jami'o'in Amurka da Japan da aka yi a Hawayi. A shekarar 1999 aka fara harba waɗannan gwangwanaye a hamadar Black Rock da ke jihar Nebada, ƙarƙashin wani shiri mai suna ARLISS, inda rokoki suke kai su nisan kimanin kilomita 4 kafin a sako su. Ɗaliban Jami'ar Tokiyo da na Cibiyar Fasaha ta Tokiyo suna cikin waɗanda suka fara da gwangwani, kuma a shekarar 2003 makarantun biyu suka harba ƙananan taurarinsu na gaskiya, irin wanda ake kira CubeSat, mai santimita 10 a kowane ɓangare. Shekara huɗu ke nan tsakanin gwangwani da sararin samaniya.

Hukumar sararin samaniya ta Turai ta shirya gasarta ta farko ta ɗaliban sakandare a shekarar 2010, a tsibirin Andoya na ƙasar Norwe. Ita kuwa ƙungiyar jami'o'in Japan da ake kira UNISEC, sai ta mai da hankali kan malamai. A shekarar 2011 ta buɗe shirin horar da jagororin CanSat, wanda ake taƙaita sunansa da CLTP, a Jami'ar Wakayama. Mahalarta zagayen farko sun fito ne daga ƙasashe 10, cikinsu har da Nijeriya, Masar, Aljeriya da Turkiyya. An yi zagaye na biyu a Jami'ar Nihon a wannan shekarar, inda Gana ta shiga. Daga shekarar 2017 shirin ya koma amfani da wani samfuri mai suna HEPTA-Sat, wanda ya fi kama da CubeSat, kuma ana iya kwance shi a sake haɗawa.

Sassan Na'urar

Ƙa'idar da hukumar Turai ta shimfiɗa wa gasarta ta ce tsawon gwangwanin kada ya wuce milimita 115, faɗinsa milimita 66, nauyinsa kuma ya kasance tsakanin giram 300 zuwa 350. An kuma ƙayyade cewa kuɗin kayansa kada su haura Yuro 500. A cikin wannan ɗan matsattsen wuri ake shirya abubuwa kamar haka:

1. Batir, wanda yake ba dukkan sassan wuta.
2. Ƙaramar kwamfuta, sau da yawa irin Arduino, wadda take karɓar umarni tana sarrafa sauran sassan.
3. Na'urorin awo, musamman ma'aunin zafi da ma'aunin matsin iska. Wasu kan ƙara GPS ko ƙaramar kamara.
4. Rediyo da eriya, domin aika sakamakon awo zuwa ƙasa.
5. Gangar jiki, wadda take riƙe kayan kada su warwatse idan an girgiza su.
6. Laima, wadda take rage saurin saukowa.

A ƙasa kuma akwai tashar karɓar saƙo, wato wata eriya da rediyo da aka jona da kwamfuta. Manyan taurarin da ƙasashe suke kashe miliyoyi a kansu su ma suna da sashen wuta, da na kwamfuta, da na sadarwa, da na awo, da gangar jiki, da tashar ƙasa. Wanda ya fahimci yadda waɗannan sassa suke aiki tare a cikin gwangwani, ya kama bakin zaren yadda suke aiki a babban tauraro.

Yadda Ake Gudanar da Horon

Horon yakan fara da 'yan darussa kan wutar lantarki, yanayin iska da rubuta umarnin kwamfuta. Ba a daɗewa a nan. Mafi yawan lokacin a kan teburin aiki yake ƙarewa, kuma yakan bi waɗannan matakai:

Mataki na farko shi ne tsai da manufa. Kowane rukuni na malamai zai rubuta abin da yake so na'urarsa ta auna, da abin da za a kira nasara idan an gama. Wanda bai san abin da ya fita nema ba, ba zai gane ya samu ba.

Mataki na biyu shi ne haɗa sassan ɗaya bayan ɗaya. Malami zai koyi manna wayoyi da dalma, kamar yadda masu gyaran rediyo da wayar salula suke yi a kasuwanninmu. Ba a ƙara sabon sashe sai an tabbatar wanda ya gabace shi yana aiki.

Mataki na uku shi ne gwaji a ƙasa. Akan girgiza na'urar, a sako ta daga bene, a yi nisa da ita domin a ga iyakar inda rediyonta yake kaiwa, a kuma bar ta a kunne a ga awa nawa batir zai yi. A nan ne akasarin kurakurai suke bayyana: waya ta tsinke, batir ya goce daga mazauninsa, ko igiyoyin laima su sarƙe. Masu horarwa ba sa hanzarin gyara wa malami kuskurensa. Sukan bar shi ya bi sawun matsalar da kansa, domin gobe shi ne zai tsaya a gaban ɗalibai ba tare da kowa a bayansa ba.

Mataki na huɗu shi ne tashi da saukowa. Na'urar da aka sako daga nisan mita 1,000, idan tana saukowa da saurin mita 10 a daƙiƙa, cikin daƙiƙa 100 za ta taɓa ƙasa. Aikin makonni a wannan ɗan lokaci ake ganin amfaninsa ko akasin haka.

Mataki na ƙarshe shi ne nazarin sakamako da bayyana shi a gaban jama'a, ko an yi nasara ko ba a yi ba. Rukunin da na'urarsa ta yi shiru a sama, amma ya gano dalili ya bayyana shi, ya ƙaru da ilimi mai yawa. Har ila yau, ana bukatar kowane malami ya tsara yadda zai koyar da abin da ya koya idan ya koma makarantarsa, domin wannan shi ne maƙasudin horon.

Abin da Ɗalibi Yake Koya

Za mu kawo misali guda. Littafin kimiyya yana cewa matsin iska yana raguwa idan mutum ya yi sama. Kusa da ƙasa yakan ragu da kimanin miliba 11 zuwa 12 a kowane mita 100. To, idan ma'auni ya nuna 960 a filin makaranta, ya kuma nuna 938 a lokacin da aka sako gwangwanin, ɗalibi zai iya lissafa cewa na'urar ta kai kimanin mita 200. Haka nan zafi yakan ragu da kimanin digiri 6 da rabi a kowane kilomita, bisa matsakaicin lissafi. Yaron da ya ga waɗannan alƙaluma suna canzawa a gabansa, daga na'urar da ya haɗa da hannunsa, ba zai sake ɗaukar darasin a matsayin hadda ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Irin wannan awo ne masu hasashen yanayi a duk faɗin duniya suke yi kullum, inda sukan saki balan-balan ɗauke da na'urar auna zafi, laimar iska da matsinta. Hasashen damina da manoma suke saurare a rediyo yana dogara ne da irin waɗannan awo da kuma hotunan taurarin ɗan'adam.

Dangantakar Wannan Ilimi da Ƙasarmu

An kafa Hukumar Bincike da Bunƙasa Sararin Samaniya ta Ƙasa, NASRDA, a shekarar 1999. An harba NigeriaSat-1 daga ƙasar Rasha a watan Satumba na 2003. Wani kamfani ne na Ingila ya ƙera shi, kuma injiniyoyinmu sun sami horo a wurin aikin. A watan Agusta na 2011 aka harba NigeriaSat-2 tare da NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Nijeriya suka haɗa da hannunsu a lokacin da suke karɓar horo a wannan kamfani. A shekarar 2017 kuma aka harba Nigeria EduSat-1, ƙaramin tauraro da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure ta shiga aikinsa a Cibiyar Fasaha ta Kyushu da ke Japan. Tare da shi aka harba GhanaSat-1 na Jami'ar All Nations da ke Koforiduwa, wadda a shekarar 2013 ta fara da ɗaga gwangwani da balan-balan.

Abin lura a nan shi ne, a duk waɗannan misalai ta hanyar sa hannu a aiki aka sami ƙwarewa. Yaran karkara kuwa ba su gaza na birni basira ba. Abin da suka fi rasa shi ne malamin da ya taɓa yin aikin da kansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da Ya Kamata Hukumomi Su Duba

Ga ƙaramar hukuma ko makarantar da take tunanin tura malamanta irin wannan horo, muna ba da shawarwari kamar haka:

1. A zaɓi malaman da suke shiga aji a zahiri, musamman na kimiyya, lissafi da fasaha, maza da mata. Idan aka raba gurbi bisa sanayya ko domin kuɗin alawus, an yi asarar gurbin da kuɗin baki ɗaya.
2. A tura aƙalla malamai biyu daga makaranta ɗaya, domin idan an yi wa ɗaya canjin wurin aiki ilimin ya tsaya a makarantar.
3. A tambayi masu ba da horon ko kowane malami zai haɗa na'ura da hannunsa. Horon da ya tsaya ga lacca da takardar shaida bai cika sharaɗi ba.
4. A tabbatar malami zai dawo da kayan aikin, a kuma ware 'yan kuɗi domin sayen abin da ya lalace. Kayan da aka kulle a sito don gudun kada yara su ɓata su, ba su da bambanci da waɗanda ba a saya ba.
5. A tanadi kwamfuta ko da guda ɗaya da hanyar cajinta. Ƙaramin faifan hasken rana ya isa wannan aiki.
6. A nemi taimakon masu gyaran rediyo da wayar salula na gari, domin da yawansu sun ƙware a aikin dalma.

Ba dole ba ne a fara da roka. Ana iya koyon mafi yawan darasin ta hanyar sako na'urar daga bene, ko ɗaga ta da balan-balan da aka ɗaure da igiya.

Matakan Kariya

Batirin da ake amfani da shi yana iya kama wuta idan aka huda shi ko aka bar shi a rana, don haka a adana shi a inuwa ƙarƙashin kulawar malami. Iskar hiliyam ake sa wa balan-balan, a guji haidirojin domin tana kama wuta. A nisanci wayoyin lantarki, manyan hanyoyi da filayen jiragen sama. Kafin a tashi jirgi maras matuƙi, wajibi ne a nemi izinin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa. Ya fi dacewa a yi gwaji da sassafe kafin iska ta taso, kuma bayan an kawar da amfanin gona, domin kada yara su tattake shuka wajen neman na'urar.

Bugu da ƙari, a sanar da mai unguwa, dagaci da jami'an tsaro tun kafin ranar gwaji, a kuma yi shela a gari. A halin da ake ciki, gwangwani mai wayoyi da ya faɗo daga sama yana iya tayar da hankalin jama'a idan ba su da labari. A rubuta sunan makaranta a jikinsa, domin wanda ya tsinta ya san inda zai mayar.

Kammalawa

Malami guda da ya sami wannan horo yadda ya kamata zai iya amfanar ɗaruruwan ɗalibai a tsawon shekarun aikinsa. Muna kira ga iyaye su ƙarfafa wa 'ya'yansu maza da mata gwiwa kan darussan kimiyya, ga shugabannin ƙananan hukumomi kuma su riƙa bibiyar malaman da aka tura horo, su ziyarci makarantunsu, su ga abin da ɗalibai suka haɗa da idonsu. Allah ya yi wa ilimin 'ya'yanmu albarka, amin.