Majolika: tsohon tangaran ɗin Amurka da masu yin sa

Ni ɗan mai fataucin shanu ne. Baba ya koya min ba a sayen saniya sai an duba haƙoranta. To, haka majolika take, sai ka kifa ta ka duba gindinta.

Majolika tangaran ce ta yumɓu mai launuka masu ƙyalli, da siffar ganye, kifi ko furanni. Kamfanin Minton na Ingila ne ya fito da ita a baje kolin Landan na 1851. A Amurka kuwa, waɗanda suka fi yin suna su ne Griffen, Smith & Hill na garin Phoenixville, jihar Pennsylvania, a shekarun 1880. Tambarinsu haruffan GSH ne sarƙe da juna, wani lokaci da kalmar "Etruscan". Da can kayan talaka ce, yanzu masu tara kayan tarihi ke rububinta, shi ya sa jabu ya yi yawa.

Amma fa ƙyallin nan akwai dalma a ciki. Ma'aikatan da ke shafa launin, da yawansu 'yan mata, sun sha fama da gubarta. In ka ci karo da ita a gwanjo, ajiye ta don ado. Kada a zuba wa yara abinci a ciki.