Drayton Hall

Drayton Hall tsohon gida ne na jan bulo a bakin kogin Ashley, kusa da birnin Charleston a jihar South Carolina ta Amurka. John Drayton ya sayi filin a 1738, bayi kuwa su suka sha wahalar aikin ginin. Salonsa na zamanin sarakunan Ingila masu suna George ne: ƙofa a tsakiya, tagogin dama daidai da na hagu, ga baranda hawa biyu bisa ginshiƙai.

A ciki an lulluɓe bangaye da katako, silin ɗakin baƙi kuma da hannu aka sassaƙa adonsa, aiki mai ban sha'awa. Ba a taɓa ja masa wutar lantarki ko ruwan famfo ba. Ƙungiyar National Trust for Historic Preservation ta saye shi a 1974.